Keke a bakin teku daga Legas zuwa Axim: ta wane gefe za a fara, kuma a wane wata?

Wani matashi daga Kano ya aiko da wannan tambaya: "Na saba da keke, kusan kowace Asabar nakan je Wudil in dawo. Ina so in bi gaɓar teku daga Legas har Axim a yammacin Gana. Niyyata in tashi a watan Yuni, in riƙa cin kilomita 120 a rana, in gama cikin mako guda. Na sayi sabon keke mai manyan ƙafafu, inci 29. Me zan shirya kafin ranar tashi?"

Ƙanena, sannu da himma. Hanyar da ka zaɓa tana da kyau, kuma mai zuwa Wudil ya dawo a wuni ɗaya yana da ƙafar da za ta kai shi. Amma kafin mu taɓa zancen kaya, ina so ka juya tafiyar gaba ɗaya. Kada ka tashi daga Legas ka nufi yamma. Ka ɗora kekenka a mota har Axim, daga can ka hau, ka fuskanci gabas, ka dawo gida da ƙafarka.

Babban dalilin shi ne iska. A wannan gaɓa, daga Kwaddebuwa har Najeriya, kusan duk shekara iska daga kudu maso yamma take tasowa. Da asuba takan kwanta, amma da hantsi ya yi sai ta fara motsi, zuwa azahar ta yi ƙarfi, ta kuma riƙe har la'asar. Wanda ya nufi yamma ƙirjinsa take duka, wanda ya nufi gabas bayansa take turawa. A kan keke marar kaya ba lallai ka damu ba, amma da zarar ka rataya jakunkuna biyu a kariya, keken ya yi faɗi, iska ta sami abin kamawa. Karon farko da na bi hanyar nan yamma na nufa, kamar yadda kake shiri. Tsakanin Grand-Popo ta Benin da Aného ta Togo ƙasa shimfiɗe take, babu tudu ko ɗaya, amma ina kallon ganyen kwakwa duk ya karkato wajena, ina taka feda kamar mai hawan dutse. Na isa masauki gwiwoyina suna zogi, alhali abin da na ci bai kai na Asabar ɗinka ba. Da na sake bin wurin ta ɗaya gefen, da irin wannan kayan, kafin azahar na wuce shi.

Akwai kuma maganar gefen titi. Duk ƙasashe huɗun da za ka ratsa, Gana da Togo da Benin da Najeriya, hannun dama ake tuƙi. Najeriya ta koma dama a 1972, Gana ta bi baya a 1974. Teku yana kudu. In ka fuskanci gabas, kudu tana damarka, wato kana gefen teku ke nan. Duk wata ƙaramar hanya da ta gangara ƙauyen masunta ko masauki na bakin ruwa, karkata kawai za ka yi ka shige, ba sai ka tsaya tsallaka babban titi da keke mai nauyi a gaban tireloli ba. Wanda bai taɓa tsayawa minti goma a gefen titin Akra zuwa Takoradi yana jiran sarari ba zai ɗauki wannan ƙaramin abu. Ni ban ɗauke shi haka ba.

Fuskantar gabas tana da nata aibi, kuma gara ka san shi tun yanzu. Da sassafe rana tana cikin idonka, tana kuma cikin idon direban da ke bayanka, shi ne ma abin tsoron. Don haka ka sa jar fitila mai ƙyaftawa a bayan keke, ka kunna ta ko da gari ya waye, ka sa riga mai haske da hular kwano. Aibi na biyu, tuddan hanyar suna yamma. Daga Axim zuwa Cape Coast hawa da gangara ne, ba dogaye ba amma ba sa ƙarewa, sai ka wuce Akra ƙasa take miƙewa har Legas. Za ka fara da wuyar ke nan. Na fi son haka da a ce ka tarar da tuddan a ƙarshe, jiki ya riga ya gaji, iska kuma tana gabanka.

Sai watan tashi. Yuni shi ne mafi munin wata da za ka iya zaɓa. Mu a arewa damina ɗaya muka sani, tana cika a Agusta, shi ya sa ɗan Kano yake ganin Yuni farkon ruwa ne, da sauran sauƙi. A bakin teku damina biyu ce. Babbar tana farawa wajen Afrilu, ta cika a Yuni, ta ja baya cikin Yuli. Agusta ruwa yakan ɗan ɗauke. Ƙaramar kuma tana zuwa daga Satumba zuwa Nuwamba, ta fi ƙarfi a Oktoba. Axim ɗin da kake nufi yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a Gana, yana samun sama da milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Akra ke samu. Ita ma Akra, duk da ƙarancin ruwanta, a Yuni take ambaliya: a daren 3 ga Yuni 2015 ne ruwa da gobarar gidan mai suka haɗu a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. A irin wannan ruwa ramukan titi suna ɓuya ƙarƙashin kududdufi, birki ba ya kamawa da wuri, hanyoyin ƙasa na ƙauyuka kuma su zama taɓo mai cika tsakanin taya da ƙarfe har ƙafar ta daina juyawa.

In hutu ne ya ɗaure ka da tsakiyar shekara, ka ɗaga zuwa Agusta. Shi ne wata mafi sanyi a gaɓar, sama a lulluɓe, iskar yamma kuma tana da ƙarfinta, wadda yanzu ta zama taka. In kana da zaɓi, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ma lokaci ne mai kyau: ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, cunkoson motocin Kirsimeti bai fara ba. Fabrairu da Maris su ne watannin zafi, a shekarun nan kuma azumi a wajajensu yake faɗowa, ka kauce musu. Ka duba ranakun bukukuwan garuruwan ma, don masauki yakan ƙare. Cape Coast tana bikin Fetu Afahye a Asabar ta farko ta Satumba, mutanen Anlo suna Hogbetsotso a Anloga a Asabar ta farko ta Nuwamba, a Ouidah ta Benin kuwa, da ake faɗa Wida, wajen 10 ga Janairu ake bikin Vodun.

Yanzu jikinka, domin nan ne 'yan arewa suka fi ruɗuwa. Kana iya cewa wanda ya sha ranar Afrilu a Kano me zafin Gana zai yi masa, tunda ma'aunin zafi can da ƙyar yake wuce 33. Bambancin yana cikin gumi. A Kano gumi yana fita ya bushe nan take, bushewar ce ke sanyaya jiki. A bakin teku iska cike take da laima, gumi yana fita ya tsaya a fata, ya gangara ta gwiwar hannu ya ɗiga kan ƙarfen keke, jiki bai sami sanyi ba, sai ya ƙara fitar da wani. Cikin awa uku ka zubar da ruwa da gishirin da ba ka zata ba. Alamar farko ciwon kai ne, sai ɗaurewar jijiya a cinya, sai fitsari ya ragu ya yi duhu. Jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da irin wannan zafi, tafiyarka kuwa gaba ɗaya a tsarinka mako ɗaya ce. Ka ga inda lissafin ya karye.

Hanyar daga Axim zuwa Legas tana kai kimanin kilomita 750, in ka riƙa gangarawa ƙauyukan bakin ruwa ta wuce haka. Ka ba ta mako biyu, har da kwana biyu ko uku na hutu. Ka isa Axim ka kwana biyu kafin ka hau. Ranar farko ka ɗaure keken, ka zaga gari ba kaya, ka je ka ga ganuwar Santo Antonio da Turawan Fotugal suka gina a 1515. Rana ta biyu ka ɗora kayan duka, ka je gadar kogin Ankobra da ke yamma da garin ka dawo, ka saurari duk abin da ke ƙara ko goga. Ranar tashi kada ka wuce kilomita 50: Axim zuwa Agona Nkwanta, ka karkata dama ka gangara Busua, ka sauka kafin rana ta take. Washegari Takoradi, wadda ba ta kai haka ba. Sai a rana ta uku za ka gwada 70 zuwa Elmina, inda ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482 take, Cape Coast kuma tana gabanta da kilomita 12 ko 13. Kilomita 100 ka ajiye su sai ka wuce Tema, gabas da Akra, inda ƙasa ta kwanta, jiki ya saba, iska tana tura ka. A can za ka ci su ba tare da ka ji ba.

Tsarin wuni kuwa rana ce ke yanke shi. A Gana tana fitowa wajen ƙarfe 6, ta faɗi wajen ƙarfe 6, duhu kuma ba ya jinkiri. Ka yi sallar asuba da kaya a ɗaure, ka hau da zarar ana iya ganin titi, ka ci kashi biyu cikin uku na tafiyar kafin ƙarfe 11. Kada magariba ta same ka a kan babban titi, ko da saura kilomita 5 ne. Agogon Gana da Togo yana bayan namu da awa ɗaya, na Benin daidai yake da na Najeriya, ka tuna da haka ranar da ka tsallaka Hillacondji, iyakar Togo da Benin.

Batun keken. Da ka tambaye ni kafin ka saya, da na ce ka nemi mai ƙafa inci 26, ko na gwanjo ne, domin tayarsa da tib ɗinsa da wayoyin ƙafarsa kowane mai gyara a kowane ƙauye yana da su. Na inci 29 sai a manyan birane, Akra ko Lome ko Kwatano, can ma sai an nema. Tunda ka riga ka saya, ba sai ka canza ba, amma kai ne shagon kanka: tib uku, taya ɗaya mai naɗewa, wayoyin ƙafa shida daidai tsawon naka, faci da sholisho, famfon da ya dace da bawul ɗinka, wayar birki da ta giya, da ɗan ƙarfen nan da giyar baya ke rataye a jikinsa. Wannan na ƙarshen kowane keke da irin nasa, in ya lanƙwashe ba za ka sami madadinsa a hanya ba. Ka riƙe ƙyalle da man sarƙa a wuri mai sauƙin kaiwa. Iskar teku gishiri ce, sarƙar da ka kwanta da ita tana sheƙi za ka tashi ka ga ta yi ja. Kowace yamma ka goge, ka ɗiga mai kaɗan, ka sake gogewa, don mai da yawa yashi yake kamawa, yashin kuma ya ci haƙoran giya.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon keke bai gama zama ba, wayoyin ƙafarsa za su saki, na birki za su miƙe, sirdinsa bai san ka ba. Kafin ka bar Kano ka ɗora duk kayan da za ka tafi da su, har ruwa, ka je Wudil ka kwana, washegari ka dawo. Abin da kake nema shi ne safiyar rana ta biyu, lokacin da ka sake zama kan sirdi da gajiyar jiya. Nan za ka san ko tsayin sirdin daidai ne, ko wandon yana cin fata, ko kariyar tana rawa. Ka yi haka sau biyu. Kayan kada su wuce kilo 15 ban da ruwa, masu nauyi a ƙasan jaka, komai cikin leda. Ga ɗan abin da bai kai komai ba amma ya fi wasu kayan tsada amfani: man kaɗanya. Ka shafa a matse-matsi kowace safiya, ka wanke wandon hawa kowane dare. A cikin laima ƙaramin ƙurji a wurin zama yana zama miki cikin kwana biyu, kuma na ga ƙato ya bar tafiya saboda shi.

Takardu ba su da yawa. Da fasfon Najeriya, yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ƙasashen nan ba biza har kwana 90. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke karanta wannan su tuna ƙasarsu ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, su tambayi ofishin jakadanci halin da ake ciki kafin su tashi. Katin rigakafin shawara dole ne, ana neman sa a iyakoki, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada ka bari sai makon tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka riƙe rasiɗin sayen keken mai ɗauke da lambar jikinsa, saboda za ka shigo Najeriya da shi ta Seme, kada a ce sabon kaya ka shigo da shi. Iyakoki uku za ka tsallaka, Aflao tsakanin Gana da Togo, sai Hillacondji, sai Seme. Ka isa kowace da safe, ka tura keken da hannunka har bakin tagar jami'i, kada ka miƙa fasfo ga wanda ya tare ka a hanya yana cewa zai taimake ka. Kuɗi iri uku ne: sidi a Gana, sefa a Togo da Benin, irin ta Nijar, sai naira. Ka raba su wuri biyu.

Kai keken Axim shi ma aiki ne, kuma a nan na taɓa yin asara. Na ba yaran wata mota kekena tsirara, na shiga na zauna. Da muka sauka sai na tarar an kwantar da shi ta gefen giya, an ɗora buhun doya a kai, ƙarfen da na gaya maka ya lanƙwashe, giyar tana shiga cikin wayoyin ƙafa. Kwana biyu na yi ina neman mai miƙe shi. Ka nemi kwalin keke wajen masu sayarwa, ka cire feda da ƙafar gaba, ka kwance giyar baya ka naɗe ta da tsumma, ka rufe. Ka tsaya a wurin har a loda shi a gabanka, a tsaye, ka biya kuɗin kayan ka karɓi takarda. Manyan bas suna zuwa Akra daga Legas, daga Akra akwai na kamfanin STC zuwa Takoradi, daga nan ƙananan motoci zuwa Axim. Ka nemi kujerar taga. Hanyar da za ka dawo ta kanta ce kake bi, ka lura da inda gefen titi ya tsuke, da inda ake aiki, da yadda iyakokin suke.

Wurin kwana ba zai ba ka wahala ba, kuma a nan kana da gatan da Bature mai irin wannan tafiya ba shi da shi. Kusan kowane babban gari a hanyar yana da zango, inda za ka ji Hausa, ka sami masallaci da abinci na halal: Sekondi da Takoradi, Cape Coast, Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, Zongon Lome, Zongon Kwatano. Sunan garin Kasoa da ke kusa da Akra ma daga kalmar kasuwa ya fito. In ka sauka a wurin da ba ka san kowa ba, ka je masallaci da la'asar, ka gaisa da liman, ka faɗi inda ka fito da inda za ka, za a nuna maka masauki mai aminci. Kada ka kafa shimfiɗa kai kaɗai a bakin ruwa da dare. Gidan sauro kuwa ya shiga jaka tun farko, kuma in zazzaɓi ya taɓa ka, ka tsaya a yi gwaji a ranar. Abincin safe za ka gane shi tun daga nesa, koko da ƙosai, sai waakye, wanda shinkafa da wake ce har sunan. Ruwan leda yana ko'ina, ruwan kwakwa ma haka. Kada ka sha na koguna, Ankobra da Pra duk haƙar zinariya ta gurɓata su, launinsu kaɗai zai gaya maka. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis, in ya ƙare ka haɗa da kanka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Teku kuma ka kalle shi da ido. Igiyarsa a wannan gaɓa tana ja ciki da ƙarfi, tana cin waɗanda suka iya iyo ma. Bayan wunin zafi zai kira ka. Iyakarka idon sawu, sai a inda ka ga 'yan garin suna shiga.

Wurare uku nake so ka yanke shawara a kansu tun kana gida. Daga Winneba zuwa Kasoa zuwa cikin Akra titin cike yake da manyan motoci, in ka ga abin ya fi ƙarfinka ka ɗora keke a mota, babu abin kunya. Daga Akra zuwa Tema an hana keke hawa babbar hanyar motoci, ka bi ta bakin ruwa, ta Labadi da Teshie da Nungua. Bayan Tema, maimakon ka bi babban titi ta gadar Sogakope, ka gangara Ada Foah, ka yi ciniki da masu kwalekwale tun da yamma su tsallakar da kai bakin kogin Volta zuwa Anyanui, sannan ka bi siririyar ƙasar nan ta Anloga da Keta, tafki a hagu, teku a dama, har Aflao. A wajena nan ne wuri mafi daɗi a duk hanyar. Ƙarshen tafiyar kuma ka sa shi a Badagry. Abin da ya rage zuwa cikin Legas cunkoso ne da hayaƙi, ba bakin teku ba.

Ka bar wa wani a gida jerin garuruwan da za ka kwana, ka riƙa kiransa kowace magariba. In ka dawo daga gwajin Wudil, ka rubuto mini nauyin kayanka, da abin da ya kwance, da inda ya yi maka ciwo a rana ta biyu, sai mu duba tare abin da za a rage.